Ƙibɗawan Masar da Shekarar Shahidai

Kowace al'umma da ta san kanta tana da ranar da take fara lissafin shekarunta daga gare ta, wanda kuwa ya lura da ranar da mutane suka zaɓa, ya rigaya ya fahimci rabin halinsu. Musulmi sun ɗauki Hijira, Rumawan dā sun ɗauki kafuwar birninsu, sarakuna da yawa sun so a riƙa ƙirge daga ranar da aka naɗa su. Amma Kiristocin Masar, waɗanda ake kira Ƙibɗawa, dangin Mariyatu mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun riƙe lissafin da yake farawa daga shekarar 284 ta Miladiyya, wadda a cikinta Dikladiyanus ya hau gadon mulkin Rum, alhali kuwa babu sarkin da ya kai shi zubar da jininsu. Suka sa wa lissafin nan suna Shekarar Shahidai, suna kuma bin sa har wa yau. Sabuwar shekararsu takan kama ran 11 ga Satumba, daidai lokacin da ɗanyen dabino yake yin ja a kasuwannin Masar, sai uwa ta miƙa wa ɗanta ƙwaya guda, ta gaya masa cewa jan bawon jinin shahidai ne, farin cikin zuciyarsu ce, ƙwallon da haƙori ba ya iya fasawa kuwa imaninsu ne. Manoman ƙasar, Musulminsu da Kiristansu, da watannin wannan lissafi suke sanin lokacin shuka da na girbi, wato su Tut da Baba da Hatur da Kiyak da Ɗuba da Amshir.

Bisa ga riwayar da suka gada, Markus marubucin Linjila shi ne ya kawo musu addinin tun ƙarni na farko. An ce yana shiga Iskandariyya maɗaurin takalminsa ya tsinke, ya tsaya wurin wani baduku mai suna Aniyanus. Baduku na cikin ɗinki basilla ta soke shi a hannu, ya yi ƙara yana kiran Allah ɗaya, daga nan zance ya ƙullu tsakaninsu, har baduku ya zama magajin Markus a kan jama'ar. Jerin shugabanninsu, waɗanda suke kira Baba, daga wannan rumfar dukanci ya taso bai yanke ba, Baba Tawadrus na biyu da aka naɗa a 2012 shi ne na 118.

A shekarar 303 aka yi shela a daular Rum duka cewa a rushe majami'u, a ƙone littattafai, daga baya kuma aka wajabta wa kowa ya yi hadaya ga gumakan sarki. Yusabiyus, malamin tarihi wanda ya gani da idonsa a kudancin Masar, ya ba da labarin yadda ake wuni ana sare kawuna har takubba su dakushe, masu saran su gaji su riƙa karɓar juna. Waɗanda ba a kashe ba aka ƙwaƙule musu idon dama, aka ƙone musu jijiyar ƙafar hagu, aka kora su haƙar tagulla a Falasɗinu. To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, a cikin kurkuku ne, tun takobi bai koma kube ba, saɓani na farko ya ɓullo tsakanin waɗanda ake azabtarwa. Mas'alar ita ce hukuncin wanda ya ji tsoro ya yi wa gunki hadaya, sa'an nan ya dawo yana kuka yana neman tuba. Baba Buɗrus na Iskandariyya ya ga a karɓe shi bayan ya yi kaffara, don kada yanke ƙauna ya ƙarasa hallaka shi. Malitiyus bishop na Asyuɗ ya ga wannan sassauci cin amanar jinin waɗanda suka mutu ne. An ruwaito cewa gardama ta yi zafi har Buɗrus ya shimfiɗa mayafinsa ya raba ɗakin kurkuku biyu, ya ce wanda ke tare da shi ya matso, sai mafi yawa suka koma wajen Malitiyus. Aka sare kan Buɗrus a 311, suna kiransa Cikamakin Shahidai, amma rabuwar da ta faru a ɗakin nan ta daɗe bayansa ƙarnuka. A ganina wannan ɗaki ya tattara tarihin Ƙibɗawa gaba ɗaya, domin ba su taɓa samun sararin fuskantar maƙiyi na waje ba face akwai wata ɓaraka a cikin gida tana jiran ɗinki.

Da Sarki Kustantin ya ɗauke wa Kirista takobi, sai fitinar ta koma ta aƙida. Wani limami na Iskandariyya, Ariyus, ya koyar da cewa Almasihu halitta ne mai mafari. Aka tara bishop-bishop a Nikiya a 325 aka yi ijma'i a kan ƙin maganarsa, amma sarakunan da suka biyo baya suka karkata wajen mabiyansa. Wanda ya tsaya musu a maƙogwaro shi ne Atanasiyus, wanda ya riƙe kujerar Markus daga 328 zuwa 373, aka kore shi daga birninsa har sau biyar, ya yi kimanin shekara goma sha bakwai a gudun hijira, wani zubin a Turai, wani zubin a ɓoye cikin hamadar ƙasarsa. Sarakuna huɗu ne suka kore shi, uku daga cikinsu kuwa masu amsa sunan Kirista ne.

Masu ɓoye shi su ne ruhubanawa, kuma a kansu ya kamata a dakata, don su ne ƙashin bayan al'ummar. A Masar aka fara wannan irin zuhudu da ya bazu cikin duniyar Kirista. Anɗuniyus, ɗan masu gona, ya rabar da gadonsa ya shiga halwa a dutsen da ke kusa da Bahar Maliya, ya rasu a 356 yana da shekara fiye da ɗari. Bahumiyus, tsohon soja, ya tara masu halwa a gida ɗaya ya tsara musu dokoki na ci da aiki da ibada. Makariyus ya sauka a Wadin Naɗrun, kwarin da ake haƙar kanwa tsakanin Alkahira da Iskandariyya, inda gidaje huɗu na ruhubanawa suke raye har yanzu. Rayuwarsu ba ta da wani ado: mutum ya jiƙa ganyen dabino, ya zauna a bakin kogonsa yana tufka igiya yana saƙa kwando, bakinsa na karanta Zabura da ka, in rana ta yi sanyi ya jiƙa busasshiyar gurasa da ruwa da gishiri ya ci. Da mahara suka matsa musu, sai suka gina ganuwa, a tsakiya suka tayar da hasumiya wadda ba ta da ƙofa a ƙasa, ana shiga ta bisa gadar katako da ake janyewa, a ciki akwai rijiya da rumbun abinci da ɗakin ibada da ma'ajin littattafai. Daga cikin waɗannan mutane, waɗanda ba su da gona balle a ƙwace, ba su da 'ya'ya balle a yi garkuwa da su, ake zaɓen bishop-bishop, daga cikinsu kuma aka ɗauko mafi yawan waɗanda suka hau kujerar Markus. Hikimar da ke cikin haka ba ta ɓuya ga wanda ya san yadda masu mulki suke lanƙwasa malamai.

Babbar rabuwa ta zo a 451, a taron Halkiduniya, kusa da Kustantiniya. Dukan ɓangarorin biyu, bisa aƙidarsu, sun yarda Almasihu ya haɗa allahntaka da mutuntaka. Inda suka rabu shi ne lafazi, ko a ce yana cikin ɗabi'a biyu, kamar yadda wasiƙar Fafaroma Liyo na Roma ta faɗa taron kuma ya karɓa, ko a ce ɗabi'a ɗaya ce haɗaɗɗiya daga biyu, kamar yadda Masarawa suka koya daga malaminsu Kirillus. Ba hurumina ba ne in shiga tsakaninsu a wannan, amma tarihi ya nuna akwai abin da ke ƙarƙashin lafazin: gasar ɗaukaka tsakanin kujerar Iskandariyya da ta Kustantiniya, da ɗacin ran manomin da ake loda alkamarsa cikin jirage kowace shekara ana kai wa birnin sarki. Aka tuɓe Baba Diyuskurus, aka kai shi Gangra a ƙasar da take Turkiyya yau, ya mutu can a 454. Aka ɗora wani mai suna Burutariyus da ƙarfin soja, mutanen gari suka kashe shi a 457, abin da ba shi da wani uzuri, kuma bai kamata mai son Ƙibɗawa ya rufe shi ba. Tun daga wancan zamani kujera ɗaya ta zama da masu da'awa biyu: na sarki, wanda mabiyansa ake kiransu Malakiyya, yana da manyan majami'u da dakaru, na jama'a kuwa yana da ƙauyuka da hamada.

Mafi tsananin wannan zamani ya zo a ƙarshensa. Bayan Hiraƙla sarkin Rum ya karɓe Masar daga hannun Farisa, sai ya aiko da wani mai suna Kirus a 631, ya haɗa masa limanci da mulki, ya umarce shi ya daidaita kan Masarawa ko da lallami ko da bulala. Baba Biliyaminu ya fita daga Iskandariyya ya nufi kudu, yana sauya maɓoya daga wannan gidan ruhubanawa zuwa wancan har shekara goma sha uku, ba a sami wanda ya tona inda yake ba. Da suka rasa shi suka kama ɗan'uwansa Mina. Littafin tarihin shugabanninsu ya ce an ƙona haƙarƙarinsa da wuta, aka cire masa haƙora, aka sa shi cikin buhu mai cike da yashi aka fita da shi teku, ana nemansa ya amsa Halkiduniya ya tsira, har sau uku yana ƙi, sa'an nan aka jefa shi. Masu yin wannan aiki da gicciye a wuyansu suka yi shi, kuma Ƙibɗawa ba su manta ba.

A cikin wannan hali Amru ɗan Asi ya shigo da rundunarsa a ƙarshen 639, ganuwar Babila ta Masar ta faɗi a 641, Iskandariyya ta biyo baya. Amru ya rubuta takardar amana ya sa aka yi shela cewa duk inda Biliyaminu yake ya fito lafiya ya riƙe al'amuran jama'arsa, ya kuwa fito. Wasu marubuta sukan tsaya a nan su ce daga ranar Ƙibɗawa suka shiga aljannar duniya, wasu kuma su ce daga ranar suka shiga wuta, dukansu kuwa sun yi wa gaskiya ƙwange. Yuhana bishop na Nikiyu, wanda ya rayu a ƙarnin, ya shaidi Amru da cewa bai taɓa dukiyar majami'u ba, shi ne kuma ya koka da nauyin haraji. Hukuncin zimma ya ba su kariyar rai da dukiya da ibada, ya ɗora musu jiziya da ƙuntatawa wajen gina majami'u. Yadda abin yake kasancewa a aikace kuwa ya danganta ga adalcin mai mulki da halin baitulmali. An yi zamunan da Ƙibɗawa suka riƙe alƙaluman diwani suna lissafin harajin ƙasa duka, an yi kuma zamunan da haraji ya kai su ga tawaye, tun daga 725 har zuwa na mutanen Bashmur, wanda Halifa Ma'amun ya zo da kansa ya murƙushe a 832. Alhakim na Faɗimiyyawa, wanda ya yi mulki daga 996 zuwa 1021, ya rushe majami'u, ya tilasta musu baƙaƙen tufafi da rataya gicciyen katako mai nauyi, daga baya kuma ya sauya ra'ayi ya bar su su sake gini. Da mayaƙan gicciye na Turai suka kama Baitul Muƙaddas, su ma suka ɗauki Ƙibɗawa 'yan bidi'a, suka hana su ziyara. Mafi muni ya zo a zamanin Mamluk, kuma babban mai ba da shaida a kansa malamin Musulmi ne, Maƙrizi, wanda ya rubuta yadda aka rushe majami'u masu yawa a faɗin ƙasar a 1321, da yadda a 1354 aka ƙwace gonakin waƙafinsu aka kore su daga ayyukan gwamnati, har jama'a masu yawa suka bar addinin. Bayan wannan ƙarni Ƙibɗawa suka tabbata 'yan tsiraru a ƙasar kakanninsu.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan dogon zamani shi ne yadda suka yi da harshensu. Tun wajen 705 aka mai da diwanin Masar zuwa Larabci, wanda yake neman aiki dole ya koya, sannu a hankali Ƙibɗanci, wanda shi ne jikan harshen Fir'aunoni, ya fita daga kasuwa, ya fita daga tsakar gida. Akwai ruhubanawan da suka ga wannan a matsayin alamar tashin duniya, suka rubuta kuka mai zafi a kan iyayen da ke yi wa 'ya'yansu magana da Larabci. Amma shugabannin da suka fi hangen nesa sun gane cewa in aka ɗaure addini a jikin harshen da ke mutuwa, kabari ɗaya za a yi musu. Sawirus ɗan Muƙaffa, bishop na Ashmunain a ƙarni na goma, ya fara rubuta aƙidarsu da Larabci. Baba Jibrilu ɗan Turaik, wanda ya riƙe kujera daga 1131 zuwa 1145, ya yi umarni a riƙa koya wa jama'a addu'o'insu da harshen da suke ji. A ƙarni na goma sha uku 'ya'yan Assal suka rubuta fiƙihu da nahawu da tafsiri cikin Larabcin da malaman zamaninsu ba su raina ba, littafin dokokin da ɗayansu, Safi, ya tsara har ya ƙetara Habasha ya zama tushen shari'ar sarakunanta. Suka saki harshen gida da hannunsu, kamar yadda mai ƙetare kogi yake sakin kayan da za su nutsar da shi, suka riƙe shi a wuri ɗaya tak, wato cikin waƙoƙin ibada. Waɗannan kuwa ba a rubuta muryoyinsu ba. Makafi ne galibi suke haddace su, malami ya rera almajiri ya maimaita, da kuge da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, baki da baki, har suka iso hannun Mu'allim Mika'ilu Batanuni, makahon da aka ɗauki karatunsa a ƙarni na ashirin aka adana.

Sauran abin da ya riƙe su yana cikin gida ne, a hannun mata da tsofaffi. Baƙibɗe mai kiyaye addininsa yana azumin fiye da kwana 200 a shekara, ba nama, ba madara, ba ƙwai: kwana 55 kafin Idin Tashi, 43 kafin Kirsimeti da suke yi ran 7 ga Janairu, uku na tunawa da Annabi Yunusa, ga Laraba da Juma'a na yawancin makonni. Yaron da ya tashi a gidan da tukunyar wake da man zaitun take bin kalandar majami'a ya san ko shi wane ne tun bai iya karatu ba. Gurasar ibada a ranar ake gasa ta, a wani ɗaki na jikin majami'a da suke kira Baitalami, garin alkama da ruwa da yisti kawai, mai kwaɓin yana karanta Zabura, sa'an nan a buga mata hatimi. A cikin wuyan hannun dama kuma akwai ɗan shuɗin gicciye da ake tsaga wa yaro da allura tun yana ƙarami, shaidar da ba ta wankuwa, wadda mai ita ba shi da halin musun ta ko a gaban wa.

Sa'idu Basha, mai mulkin Masar, ya soke jiziya a 1855, amma ƙarnin da ya kawo sauƙi daga waje ya zo da sabuwar ɓaraka. 'Yan mishan na Amurka suka sauka a 1854, suka kafa makaranta a Asyuɗ, da yake kuwa Musulmi ba su amsa kiransu ba, sai suka juya kan Ƙibɗawa suna ɗibar 'ya'yansu. Katolika ma suka yi nasu ɓangaren. A cikin gida kuma 'yan boko da limamai suka yi ta ja-in-ja a kan dukiyar waƙafi tun kafa majalisar jama'a a 1874, har aka kai ga tsare Baba Kirillus na biyar a gidan ruhubanawa a 1892. Maganin da ya yi aiki ilimi ne. Kirillus na huɗu ya riga ya buɗe makarantu, har da ta 'yan mata, ya sayo injin buga littattafai. Habib Jirjis ya kafa makarantun Lahadi a 1918, daga cikinsu aka sami samarin jami'a da suka bar aikin albashi suka koma hamada, kamar Matta Miskin da ya sayar da kantin maganinsa a 1948, da Nazir Jayyid da ya zama Baba Shanuda na uku a 1971. A juyin 1919 kuwa, sa'ad da Masarawa suka tashi wa Ingilishi a bayan Sa'adu Zaglul, an ɗaga tuta mai jinjirin wata rungume da gicciye, limamin Ƙibɗawa Sarjiyus ya hau mumbarin Azhar ya yi jawabi. Wannan ma tarihin Masar ne, kuma ya cancanci a riƙa tuna shi daidai da yadda ake tuna 1321.

Jarrabawa ba ta ƙare ba. Shugaba Sadat ya tsare Shanuda a gidan ruhubanawa na Anba Bishoi a Satumbar 1981, bai fito ba sai Janairun 1985. A Fabrairun 2015 'yan ta'adda suka yanka leburori 21 a gaɓar tekun Libiya, ashirin Ƙibɗawa ne da suka je neman abinci, goma sha uku daga ƙauye guda a lardin Minya, ɗayan kuwa baƙar fata ne da aka ce mutumin Gana ne. Azhar ta yi tir da wannan ta'asa, gwamnati ta gina majami'a da sunansu, ikilisiya ta shigar da su littafin shahidanta, wanda ake karanta shafinsa na kowace rana a gaban jama'a.

Game da tsohuwar rabuwa kuwa, a 1973 Shanuda ya tafi Roma, shi da Fafaroma Bulus na shida suka sa hannu a kan bayani ɗaya game da Almasihu. A 1989, a gidan nan na Anba Bishoi, malaman ɓangarorin biyu na Halkiduniya suka zauna suka rubuta cewa abin da kakanninsu suka yi nufi ɗaya ne ko da lafazi ya bambanta, suka ƙarfafa haka a wani zama a Suwizalan a 1990. Amma har yanzu ba su koma cin gurasar ibada tare ba, domin akwai majalisun da wani ɓangare ya karɓa wani bai karɓa ba, akwai kuma mutanen da wannan yake kira waliyyai wancan ya la'ance su shekara dubu da ɗari biyar. Iskandariyya tana nan da shugaban Ƙibɗawa da na Malakiyya, kowanne yana lissafa kansa magajin Markus. Abin da suka iya cimmawa a aikace shi ne yarjejeniyar 2001, wadda ta ce in saurayi daga wannan ɓangare ya auri budurwa daga wancan, auren da aka ɗaura a majami'a ɗaya ya inganta a ɗayar, ba sai an sake ɗaura shi ba.